Parkin: kurakuran da na gaji da gani

Parkin kek ne mai citta na mutanen Yorkshire a arewacin Ingila. An fi cin sa daren 5 ga Nuwamba, daren da suke hura wuta a fili don tunawa da makircin Guy Fawkes na 1605, lokacin da shi da abokansa suka yi yunƙurin tarwatsa majalisar dokokin Ingila. A birnin Leeds da ke Yorkshire na koya, wurin tsohuwar da na yi haya a gidanta. Har yau in ƙamshin citta ya tashi daga oben, sai in tuna ɗan kicin ɗinta da sanyin nan mai ratsa ƙashi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana yi masa riƙon sakainar kashi.

Babban laifinku gaggawa. Ba a cin parkin ranar da aka gasa shi! Ni ma na taɓa yi. Na yi baƙi, na yanka shi da ɗuminsa, ya fito a bushe yana marmashewa, kowa ya gutsura ya ajiye. Rabin kuɗin cefanena na mako ya tafi a banza, ga kunya. Tsohuwar ta karɓe ragowar, ta naɗe a takardar gashi, ta rufe a gwangwani. Bayan kwana biyar ta miƙo mini: ya yi duhu, ya yi laushi, yana manne wa yatsa. Garin ots, wato hatsin da ake sawa a kek ɗin, shi ne ke shan danshin sikarin a hankali. Ni yanzu mako guda nake ba shi, ko yara za su yi kuka.

Na biyu, tafasa bota da sikari da baƙin ruwan rake. Wa ya aike ki? Narkarwa kawai ake yi a wuta kaɗan. Da zarar ya tafasa kin kama hanyar alawa, kek ɗin zai yi tauri. In ban samu ruwan raken ba, mazarƙwaila nake narkarwa da ɗan ruwa. Wasu sun ce zuma, ni ban yarda ba, ba ta da ɗan ɗacin nan.

In ots na gwangwani ne, mai faɗin ƙwaya, a ɗan barza shi tukuna. Garin busasshiyar citta ake sawa, ba ɗanya ba.

Wutar oben kuma digiri 150 na Celsius ta isa, kamar awa guda ko fiye kaɗan. Ki daina buɗe oben kina leƙe, tsakiyarsa zai lotsa.