Yadda na rage wa git-auto-fetch yawan leƙe

Da wayata nake haɗa kwamfuta da intanet in ina gida, shi ya sa duk megabait ɗin da ya fita ina jin sa a aljihu. Ran nan da daddare ina aiki a wata ma'ajiyar git (manhajar adana fayilolin aiki da tarihin canje-canjensu) da abokan aikina ke ta zuba wa hotuna, sai na ga data tana ta zurarewa alhali ban sauke komai ba. Ashe git-auto-fetch ne, ɗaya daga cikin kayan ƙari na Oh My Zsh (tsarin saita zsh, manhajar da ake rubuta wa umarni a kwamfuta), wanda ni na kunna da hannuna watannin baya.

Duk sanda sabon layin rubuta umarni ya fito kana cikin ma'ajiya, yakan duba ko daƙiƙa 60 sun wuce tun leƙensa na ƙarshe. In sun wuce, sai ya tura git fetch --all ta bayan fage. Ba ya taɓa fayilolinka, sabon abin da aka tura kawai yake saukewa ya ajiye a gefe, kuma ina son hakan, don tun kafin in tura aikina nake sanin wani ya riga ni. Amma leƙe duk minti ya yi yawa.

Buɗe ~/.zshrc, ka sa wannan a saman layin da ke ɗauke da source $ZSH/oh-my-zsh.sh:

GIT_AUTO_FETCH_INTERVAL=1200

A kula, da daƙiƙa yake lissafi. 1200 minti 20 ke nan. Wanda ya rubuta 20 da nufin minti, ya ƙara wa kansa wahala ninki uku. Ka adana, ka buga omz reload.

Sai dai jinkirtawa ba ta rage nauyin abin da aka tura, ko yaushe ya leƙa zai kwaso shi. Don haka waccan ma'ajiyar mai hotuna kashe mata shi na yi gaba ɗaya. Ka shiga cikinta ka buga git-auto-fetch, zai ajiye wani fayil mai suna NO_AUTO_FETCH a cikin .git, ya daina kula ta, sauran ma'ajiyoyin kuma su ci gaba yadda suke. In ka sake buga umarnin, ya dawo. Ita kam sai na je ofis nake kwaso sabon abinta da hannu.

In ka ga kwana biyu shiru ba labari, leƙa .git/FETCH_LOG. Ba ya tsayawa tambayar kalmar sirrin makullin SSH, wato makullin da kake shiga sabar da shi, faɗuwa yake yi shiru ya rubuta dalilin a nan. Ni umarnin ssh-add, mai buɗe makullin tun da wuri, ya warware min, leƙen gaba ya kawo rassan aiki biyu da ban san da su ba.