Yadda Ake Ziyartar Wuraren Tarihi da Mota Mai Ɗaki Ba Tare da Ta Maƙale a Lungu Ba

Wanda ya fara tuƙa mota mai ɗaki, ga gado ga murhu ga ban-ɗaki duk a bayansa, yakan ɗauka cewa duk inda ransa ya so zai kai ta har bakin ƙofa. A kan babbar hanya babu laifi. Rigimar tana farawa ne idan saura kilomita biyar a isa, domin tsofaffin fadoji da ganuwoyi da masallatai da majami'u ba don mota aka gina su ba. Don mai ƙafa aka yi su, da mai jaki da mai doki, wasu ƙofofin ma da gangan aka matse su don kada mahara su shigo a lokaci guda. Na sha ganin sabon shiga ya cusa mota mai tsawon mita 7 cikin irin wannan gari, gaba ta ƙi, baya ta ƙi, mutane sun fito baranda suna kallo.

Ba zan tsaya kan hayar mota ko inshora ko yadda ake kunna tukunyar gas ba. Wanda ya miƙa maka makulli zai nuna maka waɗannan.

Abu na farko, ɗauki tef ka auna motar da hannunka. Kada ka dogara da abin da ke cikin takardarta, domin takarda ba ta san an ɗora na'urar sanyaya ɗaki ko faifan sola ko eriya a kan rufi ba, ba ta kuma san an rataya kekuna a baya ba. Auna tsayinta daga ƙasa zuwa abin da ya fi komai bisa, faɗinta har da madubin gefe, tsawonta har da abin ɗaukar keke. Yawancin irin waɗannan motoci a Turai tsayinsu yana kusan mita 3, faɗi wajen mita 2.3, alhali sandar ƙarfen da ake gittawa a mashigar wuraren ajiye motoci sau da yawa mita 2 ce ko kusa da haka. Rubuta alƙaluman da manyan baƙi ka manna kusa da sitiyari, da mita da kuma ƙafa, saboda a Amurka da ƙafa ake rubuta tsayin gada, a Ingila ma za ka riƙa ganinsa a alluna. Lokacin da gada ta tunkaro ka ba lokacin lissafi ba ne. Ka san nauyinta kuma. Lasisin ƙaramar mota a Turai iyakarsa kilo 3,500, kuma tankin ruwa mai lita 100 idan ya cika kilo 100 ne cur, ban da mutane da kaya. Tsofaffin gadoji da yawa suna da allon nauyi.

Na biyu, kuma nan ne mutane suke juya abin a baibai: nemi inda motar za ta tsaya kafin ka nemi wurin da za ka gani. Sabon shiga yakan rubuta sunan fadar ko kufan a taswirar waya ya danna, ita kuwa taswirar ƙaramar mota ta sani, sai ta zaɓo masa hanya mafi kusa. A wurina doka ce: sunan wurin tarihi ba ya shiga na'urar nuna hanya. Abin da ke shiga shi ne wurin ajiye mota, kuma ba sunansa ba, lambobinsa na taswira, don suna ɗaya yakan dace da wurare uku.

Ka ɗauki Alhambra a Granada ta ƙasar Sifaniya, fadar sarakunan Banu Nasr da aka miƙa a 1492. Idan ka bi son ran taswira tana iya jan ka ta tsakiyar gari, ka doshi hawan da ake kira Cuesta de Gomérez wanda ba a barin motocin baƙi su bi, ko ka ɓace ka faɗa unguwar Albaicín inda wasu lungunan ƙaramar mota ma da ƙyar take wucewa. Hanyar gaskiya ita ce ta kewayen kudu, Ronda Sur, wadda take hawa da kai ta bayan fadar zuwa filin ajiye motoci, can akwai ɓangaren manyan motoci. Ta fi nisa a ido, amma ita ce za ta kai ka.

Wasu wuraren sun hutar da kai, sun yanke hukuncin da kansu. A Mont-Saint-Michel ta Faransa tun 2012 aka kwashe filin motoci daga gindin dutsen, inda ruwan teku kan malalo, aka mai da shi tudu kimanin kilomita 2.5 daga wurin, sai ka hau bas ko ka taka ta gadar da aka buɗe a 2014. A Stonehenge ta Ingila ma haka, tun 2013 masaukin baƙi yana da tazarar kusan kilomita 2.4 daga duwatsun. Irin waɗannan ba su da wahala, allo kawai za ka bi. Masu wahalar su ne garuruwan da har yanzu mutane ke zaune cikin ganuwarsu, suna da kasuwa da makaranta da motocinsu a kowace kusurwa.

Manhajar Park4Night tana da amfani wajen gano inda wasu suka tsaya, amma ka karanta sharhin baya-bayan nan, ba na shekara uku da suka wuce ba, don hukumar gari tana iya kafa sandar tsayi cikin dare ɗaya. Bayan ka zaɓi wuri, buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, ka shiga Street View ka bi titin da idonka tun daga inda za ka sauka daga babbar hanya har mashiga. Idan ka hango farin rufin motoci irin taka a filin, alama ce mai kyau. Sannan ka tanadi wuri na biyu. Wanda ba shi da wuri na biyu shi ne yake shiga yawon neman fili cikin gari, daga nan ake faɗawa lungu.

A Faransa ƙananan hukumomi da yawa sun ware wa waɗannan motoci filaye da ake rubuta wa aire, a Jamus kuma Stellplatz. Sun fi zangon kwana arha nesa ba kusa ba, wasu ma kyauta ne, sai dai galibi babu wanka babu inuwa. Ga manyan birane kuwa, Rum ko Faris ko Istanbul, shawarata ka ajiye motar a zango a bayan gari ka hau jirgin ƙasa. Kuɗin tikitin bai kai kuɗin madubin gefe ɗaya ba. Pompeii ta Italiya, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, ya zo da sauƙi: akwai zangon kwana dab da mashigar Porta Marina, tashar jirgin Pompei Scavi ma tana nan, saboda haka daga wuri ɗaya za ka ga kufan, ka je Napoli da Sorrento, motar ba ta motsa ba. Kada ma ka yi tunanin kai ta titin gaɓar Amalfi, an hana irinta bi da rana.

Na uku, tikiti da rana. Wuraren da suka yi suna yanzu da lokaci suke sayar da shiga. Tikitin fadojin Banu Nasr a Alhambra yana ɗauke da sunanka da sa'arka, ana duba fasfo, idan ka makara ka rasa. Mota mai ɗaki kuwa ba ta kai lokacin da taswira ta yi alƙawari, kullum ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Ni ba na sayen tikitin safe sai idan a kusa zan kwana. Duba ranar hutu: fadar Versailles ba ta buɗewa ran Litinin, gidan tarihi na Louvre a Faris da fadar Topkapi a Istanbul ran Talata. Duba ranar kasuwar garin ma, don filin da ka gani fayau a hoto yana iya zama cike da rumfuna ranar da ka iso. Idan Jamus za ka, birane irin su Berlin da Munich da Cologne sai da koriyar takardar hayaƙi manne a gilashi, ka neme ta tun kafin ka tashi.

Yanzu sai kilomita biyar ɗin. Yi sammako, ka isa kafin manyan bas-bas na masu yawon buɗe ido, ko kuma ka iso da yamma bayan sun watse ka kwana. Tsakanin hantsi da azahar ba lokacin isowa ba ne. Da zarar ka sauka daga babbar hanya, rage sautin na'ura ka koma karatun allo. Allon da ke da hoton bas ko na mota mai ɗaki, shi za ka bi, ko da na'urar tana ta rantsuwa cewa ka yi kuskure. Inda bas mai mita 12 ya wuce kai ma za ka wuce. Idan ka ga alamun bas ba ya bin titin nan, ka tambayi kanka dalili.

A Italiya ka buɗe ido da kyau ga farin da'ira mai jan baki da aka rubuta ZTL ko zona traffico limitato, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci. Florence da Siena da Pisa da Rum duk suna da shi. Babu shinge, babu ɗan sanda, kyamara ce kawai take ɗaukar lambarka, tarar ta biyo ka bayan watanni, kuma kowace shiga da tararta. Mutum yakan ɓata hanya ya zaga sau uku ya ci tara uku, shi bai ma sani ba.

Alamomin titin da zai matse ka suna bayyana tun kafin ya matse: kwalta ta koma shimfiɗar duwatsu, layin tsakiya ya ɓace, motocin da ke gefe duk sun naɗe madubinsu, bangon kusurwa yana da zanen fenti kala-kala na waɗanda suka riga ka. Ko ka hango ƙofar ganuwa mai baka. Ƙofa mai baka tana yaudara, don tsayin da kake gani a tsakiya ne, motarka kuwa akwati ce, kusurwoyinta na sama su ne za su ci dutse. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, tsaya nan take inda kake, kunna fitilun haɗari, ka sauka ka taka da ƙafa ka leƙa bayan kwanar. Na baya za su yi ta hon. Bar su. Minti biyu na hon ya fi awa guda na ribas. Abin da ke kai mutane ciki kunya ce, sai mutum ya ce bari in ƙara gaba kaɗan ko zai buɗe, alhali tsohon gari ƙara tsukewa yake yi yayin da kake matsawa tsakiya. Tamkar tura raƙumi akurki ne, kan zai shiga, sauran jikin ne labari.

Idan ribas ta kama, abokin tafiya ya sauka. Ya tsaya a baya ta inda kake ganinsa a madubi, ba a tsakiyar bayan motar ba, ku kuma daidaita alamun hannu tun a gida: zo, dama, hagu, tsaya. Da ya ɓace daga madubi, taka burki. Aikinsa ya fi yawa a sama, baranda da fitilar bango da reshen itace da allon shago, domin kyamarar baya ƙasa kawai take nuna maka. Ka tuna kuma da wutsiya. Jikin motar ya zarce tayar baya da mita ɗaya da rabi ko biyu, saboda haka idan ka karya dama, wutsiyar hagu take fita, ta shafi abin da ka riga ka wuce ka manta da shi. Mafi yawan ƙarcen da za ka gani a jikin motocin haya a kusurwar baya yake.

A Amurka matsalar ba lungu ba ce, hawa ne da lanƙwasa. A Mesa Verde ta jihar Colorado, inda mutanen Pueblo na dā suka gina gidaje a cikin kogunan dutse wajen ƙarni na 13, titin Wetherill Mesa ba ya karɓar motar da tsawonta ya haura ƙafa 25 ko nauyinta ya haura fam 8,000. Duba shafin intanet na duk wurin shaƙatawa na ƙasa irin wannan da za ka je, idan yana da irin wannan ƙa'ida, karanta ta. A gangara kuma sa ƙaramin giya, kada ka kwanta a kan burki har ya yi zafi.

Ka isa fili. Shiga da baya, hancin motar yana kallon mafita, don idan ka dawo za ka tarar ƙananan motoci sun kewaye ka. Can ƙarshen fili ya fi, inda wutsiya za ta iya leƙawa kan ciyawa. Kada ka tsaya a gurbin bas sai allo ya yarda. Nemi wuri mai daidai, saboda firjin da ke aiki da gas ba ya son karkata, idan motar ta jirkice sosai na sa'o'i sanyin zai tsaya. A Sifaniya da wasu ƙasashe ana bambanta ajiye mota da yada zango: muddin komai yana cikin motar, ajiyewa ka yi, da ka buɗe rumfa ko ka fito da kujera ka zama mai zango, doka ta canza.

Rufe tagogin rufi, ja labule, fasfo da kuɗi da kwamfuta su bi ka. Ɓarayi sun san mai wannan mota zai yi awa uku bai dawo ba. Ɗauki hoton inda ka ajiye ta da lokacin bas na ƙarshe.

Sauran kuwa kowa ya iya. Takalmi mai kauri, ruwa a gora, ƙaramar jaka don wurare da yawa ba sa barin babba ta shiga. Wuri ɗaya babba a rana ya isa, wanda ya haɗa uku da yamma ba ya tuna wanne ne wanne. Idan za ka kwana a filin, tabbatar allo bai hana ba. Ruwan wanke-wanke da na ban-ɗaki kuma sai a wurin da aka tanada don zubarwa, ba a kwatar gindin ganuwa ba, galibin filayen aire da Stellplatz suna da shi a bakin mafita.