Babi na 7: Gane Tsiron Gida da Baƙon Tsiro a Bakin Teku

Wannan babi na 'yan uwanmu ne da neman abinci ya kai su bakin teku, kamar Kalaba, Oron, Fatakwal da Badagiri, musamman masunta da masu sayar da itace. Ku tanadi littafi da fensir da takalmin roba. Ku fita lokacin da ruwan teku ya janye, kuma kada kowa ya shiga laka shi kaɗai.

Tsiron gida shi ne wanda kakannin mutanen wurin suka tarar. Baƙo mai mamaya kuwa daga wata ƙasa aka kawo shi, ya yi ta yaɗuwa har ya kori na gida. Ba kowane baƙo ne mai mamaya ba. Rogo ma daga Kudancin Amurka ya zo, amma inda ka dasa shi nan yake zama.

Darasi na 1: Dubi tushe

Tushe shi ne wurin da tsiro ya haɗu da ƙasa ko laka ko ruwa. Ku ɗora yatsa a kan kalmar, ku karanta da ƙarfi: tu-she. Ku sake karantawa. Madalla.

Na lura duk wanda na nuna wa tsiro, sama yake fara kallo. Ya ga ganye, ya faɗi suna, ya kuskure. Ba abin kunya ba ne, haka ido ya saba. Amma ganye yana ruɗi. Saboda haka idan ka zo gaban tsiro, tsaya. Sunkuya. Dubi tushe. Sai ka gama da tushe sannan ka ɗaga kai ka dubi ganye. Fure ne na ƙarshe, don ba kullum ake samunsa ba. Baba, ko gwiwa tana ciwo, a dafa sanda a ɗan sunkuya. Iya, a tattare zane a duba da kyau. Ku rubuta a shafin farko: tushe, ganye, fure. Tushe ne a gaba.

Darasi na 2: Mangurof da nifa

Mangurof itacen gida ne da ke fitowa a lakar ruwan gishiri. Ba mangwaro ba ne, kada sunan ya ruɗe ku. Dubi tushensa. Idan saiwoyi sun fito daga jikin itacen, sun lanƙwaso sun shiga laka kamar ƙafafun gizo-gizo, wannan jan mangurof ne. Idan kuwa ka ga ƙananan saiwoyi sun leƙo daga laka a tsaye kamar fensura, kewaye da itacen, farin mangurof ne, har za ka iya ganin gishiri a ganyensa. A cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye da kaguwa da jatan lande suke ɓuya su girma, da itacensa kuma ake bandar kifi.

Nifa baƙuwa ce. A 1906 aka kawo ta Kalaba daga Singafo, daga nan ta bi ruwa ta yaɗu. Sau da yawa inda aka sare mangurof, ita ke maye wurin.

A nan kusan kowa yake faɗuwa. Ganyenta kamar na kwakwa yake, sai mutum ya hango daga nesa ya ce kwakwa ce. Me muka ce a darasi na 1? Sunkuya. Nifa ba ta da ganga, wato jikin itace, a sama. Gangarta tana kwance a ƙarƙashin laka, ganyen kawai ke fitowa, dogaye, kai tsaye daga cikin laka. Za ka ce ai ƙaramar kwakwar manja ma ba ta yi ganga ba tukuna. Gaskiya ne. To sake duban tushe: hannun ganyen kwakwar manja yana da ƙaya, na nifa sumul yake. 'Ya'yanta a dunƙule suke kamar ƙwallo, ruwan ƙasa, idan sun nuna su warwatse ruwa ya tafi da su.

A ajin da na koyar a baya, sau uku muka fita, sau uku wasu suka rubuta kwakwa suna tsaye daga bakin hanya. Haba jama'a! Wanda ba zai sunkuya ba, gara ya zauna a gida ya bar mana fensir. Dubi tushe kafin ka rubuta.

Darasi na 3: Kainuwa biyu

Kainuwar da muka sani tun a tafkunan Arewa, wadda ake ce wa dashen Allah, ganyenta a buɗe yake kamar latas, mai laushi da gashi-gashi. Akwai baƙuwa daga Kudancin Amurka da ta shigo ruwan Badagiri a 1984, ita ma mutane kainuwa suke ce mata. Ita ce ke toshe hanyar kwale-kwale ta kama raga. Ɗaga ɗaya ka dubi tushe: hannun ganyen baƙuwar yakan kumbura kamar soso, ganyen yana sheƙi, furenta shuɗi-shuɗi mai ɗigon rawaya. Idan ka tsamo ta, ka shanya a tudu. Kada ka mayar ruwa.

Darasi na 4: Akintola

Haka Yarbawa ke kiran wannan ciyawa. Baƙuwa ce, tana cika gonaki da bakin hanya. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna. Murza ɗaya ka shinshina, warin yana da ƙarfi.

Aikin gida: tsiro uku, ku rubuta tushen kowanne.