Yadda Za Ka Kare Kwamfutar Gida Daga Manhajojin Leƙen Asiri

Kwanakin baya ƙanwata ta kawo mini kwamfutarta ta hannu tana ƙorafi, wai Yaya abin nan ya zama kunkuru, kuma data ba ta kwana biyu. Ina buɗe Chrome tallace-tallace suka fara tsalle daga gefen allo, na rubuta abin da zan nema sai ya kai ni wani shafin da ba Google ba. Da na bi sawu, sai na tarar duk tarkacen rana ɗaya suka shigo, ranar da ta sauke wata manhajar kyauta ta mayar da takarda zuwa PDF. Ba wanda ya yi mata kutse. Da hannunta ta buɗe musu ƙofa, tana ta danna Next ba tare da ta karanta ba.

Irin waɗannan manhajoji kashi biyu ne. Wasu damuwa kawai suke kawowa: talla, canja shafin bincike, cinye data. Wasu kuwa 'yan leƙen asiri ne, suna naɗar duk abin da ka buga a kibod, su kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza, su aika wa mai su. Waɗannan ba sa hayaniya, shi ya sa suka fi haɗari. Ga yadda ake yi idan Windows 10 ko 11 kake amfani da ita.

Mataki na 1: duba su wa ke zaune a ciki. Shiga Settings, ka zaɓi Apps, za ka ga jerin duk manhajojin da aka girka. Jera su bisa ranar shigowa, domin miyagun a ayari suke zuwa. Duk wadda ba ka san ta ba, bincika sunanta a intanet kafin ka cire. Kada ka yi wa masu sunan Intel, Realtek ko Microsoft Visual C++ kuɗin goro, kayan aikin kwamfutar ne, in ka taɓa su sauti ko wata manhajar na iya tsayawa.

Mataki na 2: share burauza. Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ka cire duk wani ƙarin da ba kai ka saka ba. Tallar da ke leƙowa a kusurwar allo kuma yawanci izini ne ka ba wani shafi ranar da ya ce ka danna Allow kafin ka kalli bidiyo. Je wurin Notifications a saitin Chrome ka soke izinin. In abin ya cakuɗe, Reset settings zai mayar da saitin Chrome yadda yake tun farko.

Mataki na 3: bincike. Ba sai ka sayi komai ba, Windows na zuwa da mai gadinta, Microsoft Defender. Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, sannan Scan options, ka zaɓi Full scan. Yana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, don haka ka tabbata akwai wuta ko caji. Bayan ya gama, koma ka zaɓi Offline scan. Wannan yana kashe kwamfutar ya sake kunna ta, ya yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin da ɓarawon bai farka ba balle ya ɓuya. A cikin App & browser control kuma ka kunna Potentially unwanted app blocking. Mai son ƙarin ido na iya sauke Malwarebytes ta kyauta daga shafin kamfanin, ta ƙware wajen kama tarkacen talla.

Abin da na fi gani a kwamfutocin gida shi ne manhajar kariya ta gwaji wadda wa'adinta ya ƙare tun bara, tana zaune tana roƙon kuɗi. Cire ta, Defender zai karɓi gadin da kansa. Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya faɗa suke yi, kwamfutar ce ke shan wahala.

Mataki na 4: bar Windows ta sabunta kanta. Na san dalilin da ya sa mutane ke kashe Windows Update, tsadar data ce. Amma ka tuna WannaCry, cutar kwamfutar da ta bazu a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da gyaran da ke toshe ramin da cutar ta bi ta shiga, waɗanda ba su sauke ba su abin ya ci. Ware rana guda a wata, ka sayi datar dare in ta fi sauƙi, ka bar ta ta gama. Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adin tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. In kwamfutarka za ta ɗauki Windows 11, koma can.

Mataki na 5 shi ne ya fi duka nauyi: daina saka manhajojin da aka fasa, wato na kuɗi da aka karya makullinsu don a yi amfani da su ba tare da biya ba. Office da Photoshop da wasannin da ake loda maka kyauta a shagon gyara, yawanci kafin su shiga sai an ce a kashe mai gadi na ɗan lokaci. Tambayi kanka me ke cikinsu da mai gadi ba zai bari ya wuce ba. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhaja ya watsa ta a intanet ba sadaka yake yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi kansa mai gyaran sau da yawa bai san abin da ke cikin faifansa ba, shi ma kwafowa ya yi. Akwai na halal kuma kyauta: LibreOffice don rubutu da lissafi, VLC don bidiyo. Sauke su daga shafin masu su ko Microsoft Store, ka kiyayi manyan korayen maɓallan Download da ke cika wasu shafuka, talla ce. Wajen girkawa, zaɓi Custom in akwai, ka karanta kowane allo, ka cire alamar duk wani rakiyar da ba ka nema ba.

Mataki na 6: fulash. Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon buga takardu ya san cutar nan da ke mayar da folda ta koma ƴar alama mai kibiya. Kada ka danna ta, dannawar ce ke tayar da cutar. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Danna fulash ɗin da maɓallin dama ka sa Defender ya bincike shi tukuna. Ni dai yanzu ta imel ko WhatsApp nake tura wa mai shago takarda, fulash ɗina ba ya shiga kwamfutar kowa. Kunna File name extensions ma, wato zaɓin da ke nuna ƙarshen sunan fayil, don ka gane fayil ɗin da ya yi shigar hoto alhali ƙarshen sunansa .exe ne, wato manhaja ce.

Mataki na 7: in yara na taɓa kwamfutar, buɗe musu nasu asusun na Standard, kai kaɗai ka riƙe na Administrator da kalmar sirri. Duk manhajar da ke neman taɓa tsarin kwamfutar sai an zo an same ka.

Idan binciken ya kamo ɗan leƙen asiri na gaske, cire shi bai wadatar ba, domin abin da ya sace ya riga ya tafi. Ɗauki wata na'urar mai tsafta ka canja kalmomin sirri. Fara da imel, tunda ta nan ake dawo da sauran, sannan banki da Facebook, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri. In kuma tarkacen na dawowa bayan kowace shara, kwashe takardu da hotunanka kawai, banda manhajoji, a sake girka Windows daga tushe. Ranar da za ka kai gyaran, tafi da jerin abubuwan da kake so a takarda, ka ce wa mai shagon kada ya ƙara maka komai a kai.