Yadda za ka kare hukuncin kisa ga mai kisan kai a muhawara

Ko a fada kake ko a gidan rediyo a Maraɗi, fara da iyakance magana: wanda ya kashe rai da gangan, kotu ta tabbatar, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Kisan kuskure kar ka shigo da shi, nan ake kada mutane da yawa.

Sai ka kawo Baƙara, aya ta 178 da 179, kan ƙisasi. Faɗi da bakinka cewa dangin mamaci na iya yafewa su karɓi diyya, kafin abokin muhawara ya riga ka. A mazhabar Malikiyya kuwa, kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa, ba ya yafuwa.

Ka san dokar ƙasa: hukuncin yana nan a Nijar, amma tun 1976 ba a zartar ba, akan mai da shi ɗaurin rai da rai.

Kar ka rantse cewa yana rage kashe-kashe, masana na saɓani a kai. Tsaya kan adalci da hakkin marayun da aka bari. In an ce alƙali na iya kuskure, amince, ka nemi shaida mai ƙarfi da lauya ga wanda ake tuhuma.