Yadda malamin aikin jarida a Legas zai koyar da dokar 'yan jarida ta zauna a ƙwaƙwalwar ɗalibi

Kada ka buɗe darasin da haddar sassan doka. Fara da rubutun ɗalibi. Ba ajin labari ɗaya na gwaji: 'yan kasuwar Mile 12 suna ƙorafin cewa wani shugabansu ya cinye kuɗin da aka tara don gyaran magudanar ruwa. Kowa ya rubuta sakin layi uku cikin minti 20. Karɓi takardun, ka ja jan biro a ƙarƙashin duk kalmar da za ta iya kai mutum kotu.

Za ka tarar da "ɓarawo", da "ya yi sama da faɗi da kuɗin", da kuma "wai". A kan "wai" ɗin nan ya kamata ka daɗe, don ɗalibanmu masu rubutu da Hausa sun ɗauke ta garkuwa. Ba ta kare kowa. Wanda ya maimaita ƙazafi, a idon doka shi ma ya wallafa shi. Abin da ke kare ɗan jarida uku ne: ya iya tabbatar da gaskiyar abin da ya rubuta, ko ya zama sharhi ne na adalci da aka gina kan hujja a lamarin da ya shafi jama'a, ko rahoto ne daidai-wa-daida na abin da aka faɗa a zaman kotu ko majalisa. Sai ka tambayi kowane ɗalibi: ina rasit, ina muryar da ka naɗa, yaushe ka kira wanda ake zargi, me ya ce? Wanda ba shi da amsa ya sake rubutu.

Daga nan ne kundin tsarin mulki na 1999 zai shigo. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin baki da mallakar kafar yaɗa labarai. Sashe na 22 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita 'yancin saboda tsaro, zaman lafiya da haƙƙin wasu. Ɗalibi ya san ukun tare, kada ya riƙe na 39 shi kaɗai.

Wurin da malaman Legas suka fi yin tuntuɓe shi ne wannan. Dokar laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ta cire ɓata suna daga jerin laifukan da ake ɗaure mutum, sai dai a nemi diyya. Ɗalibi ya ji haka sai ya saki jiki. To amma labarin Hausa da aka rubuta a Agege ko Idi-Araba, yawancin masu karanta shi suna Kano da Sakkwato da Kaduna, inda ɓata suna laifi ne. Dubi sashe na 391 da 392 na dokar final kod (Penal Code), wato dokar laifuka ta Arewa. A Disamba 2024 'yan sanda sun kama lauya Dele Farotimi a Legas suka kai shi Jihar Ekiti kan zargin ɓata suna. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ta tarayya ce, tana aiki a Legas kamar ko'ina. An yi wa sashe na 24 nata gyara a 2024, ya koma kan saƙon batsa da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don tada zaune tsaye ko jefa rayuwa cikin haɗari. Hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Ka nanata musu cewa abin da suka ɗora a Facebook ko suka tura a zauren WhatsApp wallafawa ne.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba a koyar da ita a allo. Kowane ɗalibi ya rubuta takardar nema ta gaske zuwa wata hukumar gwamnati, ya ambaci takamaiman abin da yake so: kwangila kaza, shekara kaza, nawa aka biya. Ba dole ba ne ya faɗi dalilinsa. Ya je da kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya. Ba tare da hatimin nan ba, babu yadda zai nuna ranar da aka fara ƙirga kwana 7 da doka ta ba hukumar. Tana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa. In ta yi shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Takardar da ta ce "a ba ni duk bayanan ma'aikatarku" ita ce ke mutuwa a kan tebur.

Ware zama ɗaya don tarihi, kuma a Legas ba sai an je nesa ba. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda. An kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam ɗin cikin wasiƙa a gidansa da ke Ikeja ranar 19 ga Oktoba, 1986.

Jarrabawa kuwa ta zama ta gyaran rubutu. Ba su labari mai tarko biyar: sunan yaron da ake tuhuma, kiran wanda ke gaban kotu "mai laifi" tun kafin hukunci, "wai" ba hujja, hoton da bai dace da labarin ba, da sunan majiyar da aka yi wa alkawarin sakayawa. Maki biyu ga wanda ya gano tarkon, uku ga wanda ya gyara jimlar har labarin ya fita ba tare da an zare masa haƙora ba.