Darasi na Tara: Yadda Ake Toshe Mai Damun Mutum a Waya

A gidan Bahaushe baƙo ba ya wuce zaure sai ya yi sallama an amsa masa, kuma idan maigida ya ga zuwan nasa ba na alheri ba ne, yana da ikon ya sallame shi tun daga nan. Ita waya ba haka take ba, domin duk wanda ya samu lambarku, ko daga jikin allon shago, ko daga wani guruf da aka saka ku, yana iya aiko saƙo har cikin ɗakinku da tsakar dare. Saboda haka ne masu yin manhajojin sada zumunta suka tanadi hanyar rufe wa mutum ƙofa, wadda muke kira toshewa, yara kuma suke ce mata bulokin. A yawancin wayoyi an rubuta kalmar da Turanci, haruffa biyar ne: B, l, o, c, k. Kowa ya rubuta su a littafinsa sau uku kafin mu ci gaba, domin wanda ya gane siffar kalmar nan ya yi rabin aikin.

Mu ɗauki misalin mace mai ɗinki wadda ta sa aka rubuta lambarta a ƙofar gida don masu kawo aiki. Wata rana saƙo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba: "Salamu alaikum Hajiya, don Allah kuskure na yi, wasu lambobi shida sun shigo wayarki, ki taimaka ki turo mini." Lambobin nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinta, kuma da zarar ta tura su, mutumin zai buɗe asusunta a tasa wayar, ya shiga roƙon kuɗi da sunanta wurin 'yan'uwa da masu kawo mata ɗinki. Irin wannan ba a ba shi amsa, ko da ta faɗa ce, domin amsar tana tabbatar masa cewa akwai mai karantawa a layin.

Ga abin da za ta yi. Za ta buɗe hirar, ta danna ɗigo uku da ke sama ta hannun dama, ta zaɓi kalmar ƙarshe a jerin da ya fito, wato "More", sannan ta danna "Block". Idan lambar ba ta cikin waɗanda ta adana, sau da yawa kalmar tana fitowa a cikin hirar kanta ba sai an nema ba. Wayar za ta tambaye ta ko tana so ta kai ƙararsa, kuma idan ta yarda, saƙonni biyar na ƙarshe da ya aiko za su tafi ga kamfanin don a duba su. Ga ɗan damfara, kai ƙarar ya dace, tunda ba ita kaɗai yake farauta ba.

Tambayar da aka fi yi a aji ita ce ko wanda aka toshe zai sani. WhatsApp ba ya aika masa da sanarwa. Sai dai mai lura zai iya ganewa, domin saƙonsa zai tsaya da alama ɗaya maimakon biyu, kiransa ba zai shiga ba, ba zai ƙara ganin lokacin da kuke kan layi ba, haka ma abin da kuka ɗora a sitatus. Saƙonnin da ya aiko a lokacin da yake toshe ba za su iso ba har abada, ko da daga baya an buɗe shi. Wannan abin lura ne ga 'yan kasuwa: wanda ya toshe mai bin sa bashi ko wanda yake bi, ya rufe hanyar da labarin biyan kuɗin zai zo masa.

Akwai kuma inda toshewa ba ta kaiwa. Idan kuna guruf ɗaya da mutumin, kamar na dangi ko na 'yan adashi, zai ci gaba da ganin abin da kuka rubuta a can, ku ma kuna ganin nasa, sai dai ku fita ko shugaban guruf ɗin ya cire shi. Toshewar WhatsApp ba ta hana shi kira ta layin waya, don haka sai an shiga wurin kira an saka lambarsa a jerin waɗanda aka hana, kuma hatta ƙananan wayoyi masu madannai da yawansu suna da wannan jeri. Sannan mai naci yana iya sayen sabon layi. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a shiga saitin sirri a zaɓi cewa waɗanda aka adana lambobinsu ne kaɗai za su ga hoton mutum, su ne kuma kaɗai za su iya saka shi a guruf.

A Facebook ana shiga shafin mutumin ne a danna ɗigo uku, a sami kalmar nan dai. Toshewa a nan tana raba abotar gaba ɗaya, ta yadda idan an buɗe shi sai an sake neman abota, kuma ba a iya sake toshe shi sai bayan awa 48.

Saƙonnin talla da ke shigowa ta layi, masu cewa a danna lamba kaza a ci kyauta ko a sayi waƙar kira, hanyarsu daban ce. A Najeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lamba 2442 a shekarar 2016. Ana rubuta STOP a tura wa wannan lamba kyauta, sai kamfanin layin ya daina turo tallace-tallacen. Idan bai daina ba, lambar kai kuka ga hukumar ita ce 622.

Idan abin ya kai ga barazana, ko zagi mai tsanani, ko wani ya ce zai yaɗa hoton mace idan ba a ba shi kuɗi ba, kada a yi gaggawar goge hirar don baƙin ciki ko kunya. A fara ɗaukar hoton saƙonnin ta yadda lambarsa da ranar za su fito, a ajiye muryoyin da ya turo, sannan a toshe shi. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yin barazana ta waya, amma 'yan sanda da alƙali shaida suke nema. A kuma sanar da wani babba da aka amince da shi a gida, tun kafin mai barazanar ya riga kai masa labarin ta yadda ya so.

Batun dangi yana buƙatar natsuwa. Kawun da ke turo bidiyo ashirin kowace safiya har data ta ƙare bai cancanci toshewa ba a ganina, domin ranar da ya gane, maganar za ta kai gaban manya ta zama ta yanke zumunci. Ga irinsa akwai kashe ƙarar hirar, wadda alamarta ƙararrawa ce ko lasifika da aka ja wa layi, da kuma hana bidiyo sauka da kansa. Saƙonsa zai riƙa shigowa shiru, a duba shi lokacin da aka samu sarari.

Aikin yau: ku zauna biyu-biyu, bi da bi kowa ya toshe lambar abokin zamansa, abokin ya turo gaisuwa ya ƙirga alamar da ta fito. Bayan haka ku shiga saitin sirri, ku nemo jerin waɗanda aka toshe, ku danna sunansa ku buɗe shi kafin a tashi daga aji.